Shin 'yan ƙwaya ne ke kore mana baƙi a Jos, ko labarin rikici?

Tambaya: “Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin masaukin baƙi a Jos wanda maigidana ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Shekarun nan baƙin da ke zuwa hutu da iyalansu daga Kano da Abuja sun ragu ƙwarai, sai masu zuwa biki ko taron bita. Manajana ya ce matasan da ke zaman shaye-shaye a kwanar layinmu ne ke kore su, ƙanena kuma ya ce babu ruwan baƙo da 'yan ƙwaya, labarin rikicin Filato ne kawai ke hana mutane zuwa. Wane ne mai gaskiya? Kuma da gaske ne akwai ƙasashen da ake ta kashe-kashe a kan ƙwaya amma 'yan yawon buɗe ido ba su fasa zuwa ba?” Daga wata Hajiya a Jos.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida da rahama, ya sa albarka a abin da ya bar muku. Idan na fahimce ki daidai, kina son ki san wanne ne ya fi taɓa kasuwarki tsakanin abin da ke faruwa a bakin ƙofarki da abin da ake ji game da jiharmu daga nesa, sannan kina mamakin yadda za a ce ƙasa tana fama da faɗan dillalan ƙwaya amma otal-otal ɗinta suna cike. Na daɗe ina shirya wa iyalai da ƙungiyoyi masauki da zirga-zirga tsakanin Jos da Abuja, kafin haka kuma na zauna a teburin karɓar baƙi, don haka daga wannan kujerar zan ba ki amsa. Manajanki da ƙanenki duk suna da gaskiya, sai dai ba a kan baƙo ɗaya suke magana ba. Ƙanenki yana maganar baƙon da bai taso daga gida ba, manajanki kuma yana maganar wanda ya zo sau ɗaya, ya biya kuɗinsa, ya yi godiya, bai sake waiwayowa ba.

Yadda mai zuwa hutu ke lissafi

Zuwa hutu ba dole ba ne, kuma daga nan komai ya faro. Mai sarin kabeji da tumatir a Farin Gada zai zo ko da wane hali ake ciki, domin nan abincinsa yake. Wanda za a ɗaura auren ƙanwarsa zai zo ko da zuciyarsa na dukan uku-uku. Ma'aikacin da ofis ya turo taron bita ba shi ya zaɓi garin ba. Mai hutu kuwa kuɗinsa ne, iyalinsa ne, kuma ba ya bin kowa bashin zuwa. Abin da ya ware zai iya kai shi Yankari, zai iya ƙarawa a kai ya tafi Umara, zai iya zama a Abuja ya kai yara wurin wasa ya dawo gida ya kwana a gadonsa. Saboda haka ba mamaki ba ne da baƙin biki da na bita ne kawai suka ci gaba da zuwa miki. Su ne waɗanda wani dalili ya fi ƙarfin tsoronsu.

Wannan mai zaɓin ba ya duba alƙaluman 'yan sanda, ba ya kwatanta yawan laifin Jos da na garin da yake zaune. Sau da yawa ma unguwar da zai baro ta fi wadda yake tsoro fama da ƙwacen waya, amma a can ya san layin da ba a bi bayan isha'i, ya san fuskokin yaran, ya san wanda zai kira idan ta ɓaci. Abin da yake aunawa shi ne ko haɗarin zai iya faɗa wa mutum irinsa, da kuma ko akwai wata dabara da zai bi ya kauce masa. Haɗarin da ke da unguwa da lokaci da irin mutanen da yake faɗa wa, baƙo yakan iya zama da shi. Wanda ba shi da iyaka, wanda zai iya samun mutum a kan hanya da rana tsaka don kawai ya bi ta wurin, shi ne ke sa a fasa tafiya.

Kuma a gidajenmu, wanda ke biyan kuɗi ba lalle ne shi ke da kalmar ƙarshe ba. Maigida zai kira ya kama ɗakuna biyu, ya tambayi sanyin gari, har ya ce a tanadar masa direba zuwa duwatsun Shere. Bayan kwana biyu sai ya sake kira murya a sanyaye ya ce Hajiyarsa ta ce kada a kai mata jikoki, saboda wani bidiyo da aka tura mata a WhatsApp. Bidiyon ba ya ɗauke da kwanan wata, ƙila ma na shekarun baya ne ko na wata jiha, amma babu ɗa na gari da zai tsaya gardama da mahaifiyarsa a kan hutun kwana uku. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu zai yi, kuma mutanen Arewa da yawa suna da ɗan'uwa ko maƙwabci da wani rikicin Jos ya rutsa da shi.

Ƙasashen da kika ji labari

Abin da kika ji gaskiya ne, kuma Meziko ce babban misali. Tun watan Disamba na 2006 da Shugaba Felipe Calderón ya tura sojoji yaƙi da ƙungiyoyin safarar ƙwaya, dubban mutane ake kashewa a ƙasar kowace shekara, amma a 2019 baƙi daga waje kimanin miliyan 45 suka shiga ta, abin da ya sa ta cikin ƙasashe goma da aka fi ziyarta a duniya. Dalilin shi ne mafi yawan kisan tsakanin ƙungiyoyin yake, a kan hanyoyin kai kaya Amurka, a garuruwa da unguwannin da baƙo ba shi da abin yi a cikinsu. Ba'amurken da zai je Kankun yana sauka daga jirgi, mota ta ɗauke shi zuwa jerin otal-otal na bakin teku, ya yi mako guda ya koma bai ga komai ba sai ruwa da yashi.

Amma a cikin ƙasar ɗaya akwai Akafulko, wadda a shekarun 1950 da 1960 nan ne wurin hutun attajirai da taurarin fim na Amurka. Bayan da aka kashe babban dillalin da ke riƙe da yankin, Arturo Beltrán Leyva, a watan Disamba na 2009, ƙungiyarsa ta dare gida-gida, ƙananan gungu suka shiga faɗa a kan kowane layi. Da yake ba su da ƙarfin babbar safara, sai suka koma karɓar kuɗin dole daga masu shaguna da direbobin tasi da masu gidajen abinci, kisa ya fito daga lunguna ya iso bakin teku. Garin ya shiga sahun biranen da suka fi yawan kisan kai a duniya, jiragen ruwan 'yan yawo suka rage tsayawa, baƙin waje suka janye, aka bar shi da 'yan ƙasa masu zuwa daga babban birni, waɗanda ba sa kashe kuɗi kamar na waje. Ƙwayar ɗaya ce a Kankun da Akafulko. Bambancin shi ne a ɗaya tashin hankalin ya tsaya nesa da baƙo, a ɗaya kuma ya same shi a inda yake zaune.

Gwamnatin Meziko ta san da wannan sarai. A watan Oktoba na 2021 harsasan 'yan ƙwaya suka kashe mata biyu 'yan yawo, Bajamushiya da Ba'indiya, suna cin abinci a Tulum, wani garin shaƙatawa a jiha ɗaya da Kankun, a watan Nuwamba kuma aka yi harbe-harbe a gaban wani otal a Fuwarto Morelos har baƙi suka ruga ciki suka ɓuya. Kafin shekarar ta fita an girke dakaru kusan 1,500 musamman don tsaron wuraren baƙi a wannan jihar. Akwai abin lura a faɗan na Tulum wanda zan dawo kansa: ba a kan hanyar Amurka ake yin sa ba, a kan wanda zai sayar wa baƙin da kansu ne.

Jamaika ta bi wata hanya. A watan Janairu na 2018 an kafa dokar ta-ɓaci a gundumar da birnin Montego yake saboda kashe-kashen 'yan daba, amma adadin baƙi bai faɗi ba a shekarar, domin manyan otal-otal ɗinsu irin waɗanda ake biyan komai a dunƙule ne, ci da sha da wasa duk a cikin katanga. Wannan dabarar tana ceton mai babban otal, amma mai sayar da abinci da mai tasi da mai sassaƙa a cikin gari ba sa ganin komai. Birnin Medelin na Kolombiya kuma ya nuna cewa suna yana gyaruwa, sai dai da jinkiri. A 1991 an kashe fiye da mutum 6,000 a birnin, an kashe babban dillalin hodar iblis na birnin, Pablo Escobar, a watan Disamba na 1993, amma sai da aka haɗa unguwannin talakawa na kan tudu da cikin gari da motocin igiya masu tafiya a sama a 2004, aka ci gaba da irin wannan aikin shekara da shekaru, sannan baƙi suka fara tururuwa. Ko a hakan, a watan Janairu na 2024 ofishin jakadancin Amurka ya yi gargaɗi bayan mutuwar 'yan ƙasarsa 8 a birnin cikin wata biyu, inda ake yaudarar baƙi ta manhajojin neman abokiyar hira, a sa musu ƙwaya a abin sha, a yi musu fashi.

Namu ya sha bamban

A Jos ba mu da manyan ƙungiyoyin da ke yaƙi a kan hanyar safara. Matsalarmu ta sha ce da ƙananan dillalai. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Kimanin miliyan 10.6 tabar wiwi ce, miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma ruwan maganin tari. An hana kodin a watan Mayu na 2018 bayan binciken da BBC ta yi, amma duk wanda ke duba kwatar layinsa da safe ya san kwalaben ba su ɓace gaba ɗaya ba. Laifin da wannan ke haifarwa shi ne ƙwacen waya, fasa gilashin mota, faɗan 'yan sara-suka da wuƙa da gariyo, da tare mutum a nemi “na goro” da jajayen idanu. A ma'aunin asarar rai bai kai na Meziko ba ko kusa. A ma'aunin baƙo kuwa yana da wata illa da ya kamata a ɗauka da muhimmanci, domin babban dillali yana da dalilin barin baƙo ya wuce lafiya, yaron da ya sha ya yi tatul kuwa ba ya lissafin gobe, kuma baƙo ne ya fi masa sauƙin ganewa, ga lambar motar wata jiha, ga babbar waya a hannu.

Ga yadda abin ke kasancewa. Na taɓa raka wani iyali daga Kano a lokacin bazara, sun gudo wa zafi, zuwa wani wurin shaƙatawa a bayan gari. An biya kuɗin shiga, yara sun fara hawa duwatsu suna ihu, sai ga samari uku sun ɓullo daga bayan wani dutse, ɗaya yana riƙe da guntun taba, suka ce wurin nasu ne, sai an sallame su kafin a ɗauki hoto. Ba su zare makami ba, ba su taɓa kowa ba. Maigidan ya ciro kuɗi ya miƙa, ya yi ta maza yana murmushi, uwargidan kuwa ta jawo 'yarta ta riƙe mata hannu gam, ba ta sake ta ba har muka shiga mota. A hanya babu wanda ya yi maganar. Da dare suka ce a kawo musu abinci ɗaki maimakon fitar da aka shirya, washegari suka ce wani uzuri ya taso a gida. Babu ofishin 'yan sandan da ya samu rahoton wannan, babu jaridar da ta buga, amma an yi asarar kwana biyu na ɗaki, da kuɗin direba, da cinikin mai tsire da mai sayar da kayan lambu, da kuma duk iyalan da wannan uwargida za ta ba labari a gidan suna. Abin da manajanki ke gani ke nan.

Abin da ƙanenki ke gani kuma ya fi girma nesa ba kusa ba. Garin da ke da gidan tarihi tun 1952, da gandun namun daji tun 1972, da sanyin da babu irinsa a manyan biranen Arewa, jihar da take kiran kanta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, ya shiga bakin duniya da rikicin watan Satumba na 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, da bama-baman Taminus na watan Mayu 2014. A watan Agusta na 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe fiye da 20, aka kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Jos ta Arewa. Wannan ya fi kowanne taɓa zuciyar mai niyyar zuwa, domin waɗanda abin ya rutsa da su baƙi ne masu wucewa. A jajibirin Kirsimeti na 2023 aka kai hare-hare ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi aka kashe fiye da mutum 100, daidai lokacin da otal-otal ɗin Jos ke sa ran cika. Mu mun san tazarar da ke tsakanin Bokkos da Rayfield, amma wanda ke Sakkwato kalmar Filato kawai ya ji a rediyo. Bayan haka akwai fargabar hanya, ta Akwanga da Hawan Kibo ko ta Saminaka, da fargabar dokar hana fita ta rutsa da mutum a garin da ba nasa ba.

Baƙin waje da ma'aikatan manyan ƙungiyoyi kuwa ba su ma da ta cewa. Tun 2018 Amurka ke jera ƙasashe a matakai huɗu na gargaɗin tafiya, Nijeriya ta daɗe a na uku, wasu jihohinta a na huɗu. Birtaniya na da nata tsarin, kuma kamfanonin inshora yawanci ba sa biyan wanda ya je inda gwamnatinsa ta ce kada a je, saboda haka ofis ba zai sa hannu ba ko ma'aikacin yana so. Harin da aka kai gidan shaƙatawa na Kajuru a watan Afrilu na 2019, inda aka kashe mutum biyu har da wata 'yar Birtaniya, ya sa ƙungiyoyi da dama sun ƙara ɗaure ma'aikatansu game da fita hutun ƙarshen mako daga Abuja. Ita kanta Abujar ta ɗanɗana a watan Oktoba na 2022, da ofishin jakadancin Amurka ya yi gargaɗin hari ya kwashe iyalan ma'aikatansa: an soke taruka, babban rukunin shagunan Jabi ya rufe na ɗan lokaci, alhali harin bai auku a cikin birnin ba.

Ana yawan cewa ƙwaya ce tushen rashin tsaro, kuma shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, ya sha nanata alaƙar da ke tsakaninsu tun da ya kama aiki a 2021. Ni a ganina tushen rikicin Filato yana cikin rigimar ƙasa da kiwo da siyasa da rashin hukunta masu laifi. Ƙwaya tana samar da hannun da za a ɗauka haya da araha, tana kuma cire wa yaro tsoro da tausayi a ranar da abu ya tashi. Saboda haka majalisar da ke kwanar layinki da labarin da ake ji a rediyo ba su rabu kwata-kwata ba, amma kawar da ɗaya ba zai kawar da ɗayan ba.

Abin da ke hannunki

Kafin ki kashe ko kwabo, ki ɗauko littafin rajistar baƙi na shekarun baya ki zauna da shi. Idan abin da kika gani shi ne mutane suna kama ɗaki suna sokewa kafin su iso, kuma sokewar tana taruwa a makon da wani labari ya fita, matsalar da ƙanenki ya faɗa ce ta fi damun ki. Idan kuwa suna isowa amma mai kwana huɗu yana tashi a na biyu, ko sunayen da kika saba gani kowace shekara sun ɓace alhali kin san suna sauka a wani masaukin a cikin garin nan, to matsalar tana layinki. Ki tambayi masu irin sana'arki a unguwannin da ba su da wannan majalisar. Idan su ma iyalai sun ƙaurace musu daidai da ke, kada ki ɗora wa yaran laifin da ba nasu ba.

Idan ta tabbata layin ne, ki dube shi da idon jami'in tsaron da ƙungiyoyi ke turowa kafin su kama ɗakuna. Irin wannan mutumin ba ya fara duba gado ko banɗaki. Yakan zo da yamma, ya tsaya a bakin titi ya ga nisan da mota za ta yi a cikin lungu, ya duba ko akwai fitila daga kwana har ƙofa, ya ga su wa ke zaune a gaban gidan bayan magariba, ya tambayi mai gadi lambar wa zai kira idan wani abu ya faru, ya nemi ƙofa ta biyu. Fitila mai aiki da hasken rana a kwanar nan, da sare ciyayi, da toshe kangon da ake fakewa a ciki, sukan yi aikin da ƙarin mai gadi ba zai yi ba, domin mai saye da mai sayarwa duk ba sa son haske.

Kada ki tura manaja ko mai gadi su kore su da faɗa, domin su za su kwana a unguwar, motocin baƙinki kuma a nan suke fakin. Ki bi ta hannun mai unguwa da limami da shugaban coci idan layin na haɗaka ne, da 'yan sintirin unguwa, ku tafi a matsayin maƙwabta masu koke ɗaya. Ki bambanta mai sha da mai sayarwa. Masu sha 'ya'yan unguwa ne, iyayensu na nan, wasunsu magani da sana'a suke buƙata. Mai sayarwa shi ne ke tara su, kuma maganarsa ta hukumar NDLEA ce, a kai rahoton cikin sirri, zai fi kyau ta bakin ƙungiyar masu otal don kada sunanki ya fito shi kaɗai. Kada kuma ki fara biyan su kuɗin wata-wata don su bar baƙinki lafiya. Wanda aka ba yau zai ƙara farashi gobe, wani gungun ma zai zo neman nasa, kuma ta wannan ƙofar ce ƙananan 'yan kasuwar Akafulko suka shiga uku. Ɗaukar yaron unguwa da ya natsu aikin wanke mota ko rakiyar baƙi da albashi bayyananne wani abu ne daban, kuma yana da amfani, in dai mai unguwa ne ya tsaya masa.

Sai maganar Tulum da na ce zan dawo kanta, wadda masu masauki ba sa son ji. Wani lokaci dillali yana zama kusa da otal ne saboda a cikin otal ɗin kasuwarsa take. Baƙo ɗaya ya aiki yaron ɗaki ya sayo masa, ya ba shi lada mai tsoka, shi ke nan an buɗe hanya. Samari su kama ɗaki ɗaya su cika shi da hayaƙi da kiɗa har asuba, mai iyali a ɗakin da ke kusa yana jin warin ta ƙarƙashin ƙofa. Kuɗin ɗakin nan ɗaya yana da daɗin karɓa a watan da babu ciniki, amma ba a haɗa wannan kasuwar da ta iyali a rufi ɗaya. Ki zaɓi wadda kike so, ki gaya wa ma'aikata a fili cewa aiken ƙwaya kora ne, ki kuma tsaya a kan karɓar katin shaida daga duk wanda zai kwana.

Game da baƙon da bai taso ba, ƙarfinki kaɗan ne amma ba a rasa ba. Kada ki taɓa ce masa babu komai, domin ya san da ƙarya. Ki gaya masa inda abin ya faru da nisansa da ke, da lokacin da ya kamata ya baro Abuja don ya hau Hawan Kibo da rana, da direban da kika yarda da shi wanda zai tarbe shi a tasha ko a filin jirgin sama na Haifan. Mutum ya fi yarda da wanda ya ce masa “kada ka bi nan bayan ƙarfe shida” a kan wanda ya ce ko'ina lafiya lau. Ki kuma sauƙaƙa mayar da kuɗi idan an kafa dokar hana fita, domin tsoron asarar kuɗin kama ɗaki yana cikin abin da ke hana mutane kamawa tun farko.

Shawarata tana da iyaka, Hajiya. Ban ga layinki ba, kuma yawancin baƙin da na yi hulɗa da su iyalai ne da ma'aikatan ƙungiyoyi, ba samari masu yawon hawan dutse ba, waɗanda tsoronsu bai kai na masu yara ba. Duk abin da na lissafa ba zai cika miki ɗakuna a makon da aka yi babban rikici ba, kuma tsaron hanya da hukunta masu kisa aikin gwamnati ne wanda babu mai masaukin da zai yi mata. Abin da za ki iya farawa da shi a wannan makon shi ne ki zaɓo lambobin iyalan da suka saba zuwa suka daina, ki kira matan da kanki, ba manaja ba, ki gaishe su, ki tambaye su abin da suka gani a zuwansu na ƙarshe. Maza sukan ce hidima ce ta yi yawa, matan kuwa za su gaya miki ko hanya ce, ko labarin rediyo, ko samarin da suka leƙa musu mota a kwanar layi.